Faifai ɗaya, wata goma sha huɗu: nazarin tafiyar wata ƙungiyar gita a Yamai

Sana'ata gyaran kayan sauti ce. Rumfata tana gefen kasuwar Katako, kuma yawancin abin da ke zuwa hannuna amfulin masallaci ne, da rediyon tsofaffi, da sifikun masu haya. A watan Fabrairu na 2023 wasu samari biyu suka sauke mini amfulin gita daga bayan babur, an ɗaure shi da robar tayar keke. Ɗayansu ɗan ƙanwata ne, shi ke buga musu ganga. Ya ce, "Kawu, jibi muna da biki, in wannan bai tashi ba mun shiga uku." Na kwance shi na tarar taransifoma ta ƙone, ƙura kuma ta kwanta a kan allon kamar an barbaɗa garin gero. Daga wannan gyaran na shiga lamarinsu, har na zama mai riƙe musu littafin kuɗi. Abin da ke biye daga littafin nan na ɗauko shi, da kuma abin da idona ya gane mini. Na sakaya sunayensu, don suna nan cikin sana'ar, kuma akwai waɗanda aka yi saɓani da su aka shirya.

Su huɗu ne. Mai gitar gaba, wanda kuma shi ke rera waƙa, Ba'adare ne ɗan Tawa, ya zo karatu jami'ar Abdou Moumouni, gita ta rinjayi karatun. Mai gita ta biyu Ba'abzine ne, iyayensa mutanen Abalak, yana ɗinki a Bukoki. Mai bas Bazabarme ne daga Haro Banda, walda yake yi. Ɗan ƙanwata kuwa kabu-kabu ne abincinsa. Da Hausa suke hira da faɗa, da ita kuma suke yin akasarin waƙoƙinsu, sai jefi-jefi su sa Zabarmanci ko Tamashek.

Su da bakinsu rok suke kiran kiɗansu. Gitar gaba tana bi ta wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, sai muryarta ta koma gurnani, ganga kuma a buga ta da ƙarfi ba tausayi. Amma in ka kasa kunne da kyau, takamba ce a ƙarƙashi, wato kiɗan rawar gargajiya na Abzinawa da Songai, wani lokaci kuma taken kalangu ne aka ɗora wa tarin gangunan bature. Ba su suka fara wannan hanya ba. Bombino na Agadas ya bi ta, Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ya bi ta, a nan Yamai kuma Tal National sun daɗe suna nuna cewa orkes na iya rayuwa da wasan dare. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tana nan tun da daɗewa, a can mai bas ya fara taɓa tsirkiya. Abin da yaran nan ba su da shi shi ne kamfani, ko manaja, ko wani mai kuɗi a bayansu. A Turai da Amurka ƙungiya kan zaɓi zaman kanta don gudun kamfanoni. A nan babu kamfanin da za a guda, kowa da kansa yake tsaye, ko ya so ko bai so ba.

Gonar da suke nomawa

Biki ne gonarsu, kuma yana da daminarsa da raninsa. Makonnin da ke gaban azumi ana rige-rigen ɗaura aure, aiki har ya yi musu yawa. Azumi ya kama, wata cur ba kiɗa. Bayan salla a sake buɗewa. Damina ta sauka, hadari ya tashi da rumfa, a tattara wayoyi a guje.

Da na fara rubuta musu shiga da fita, abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Abokan ango sukan ba da kafin alƙalami, a cika sauran bayan an tashi, sai kuma ɗan liƙin da aka samu a fili. Amma sono ba tasu ba ce. Sifiku huɗu, mikisa, makirufo, gurup ɗin ba da wuta, har gangunan da ɗan ƙanwata ke bugawa, duk na wani mai haya ne, kuma shi ake fara sallama kafin kowa ya taɓa ko dala. A cikin kowace jika goma da ta shigo, kusan biyar tana tafiya wurinsa. Esansi da motar ɗaukar kaya su ci ɗaya da rabi ko biyu. Abin da ya rage shi mutum huɗu za su raba, bayan sun tsaya awa huɗu suna zuba gumi. Ban ga laifin mai hayar ba, dukiyarsa ya zuba, kuma in sifika ta fashe shi ke kawo mini ita da kuɗinsa. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da ya samu wanda ya fi su biya, sai ya kira da hantsi ya ce kaya sun fita, su san yadda za su yi da ango.

A wurin biki kuma ba abin da suke so suke kaɗawa ba. Mata na son abin da za su taka, dangin amarya na son a ambaci sunansu, wani ya zo ya raɗa wa mawaƙi sunan ubangidansa. Waƙoƙinsu na kansu, waɗanda suke magana a kan ci-rani da rashin aiki da kewar gida, sai can wajen tashi suke samun saka biyu ko uku. Duk da haka ni ban yarda da masu raina kiɗan biki ba. A nan hannunsu ya faɗa. Ƙungiyar da ta saba riƙe fili awa huɗu, gurup na mutuwa ana tayarwa, yara na tsallake wayoyi, ba ta jin tsoron wani dandamali.

Ɗaukar sauti

Bayan ƙaramar sallar 2023 suka ƙudura yin faifai mai waƙa takwas. Suka tara abin da suka tara, suka je wani ƙaramin sutudiyo na unguwa: ɗaki ɗaya, an manna kwalayen ƙwai a bango, kwamfuta, piyano, da akwatin sauti mai ƙofa biyu. Saurayin da ke wurin gwani ne a irin aikin da ya saba. Yakan haɗa kiɗa a kwamfuta, mawaƙi ya shiga ya rera, a gyara murya da na'ura, kafin la'asar an gama. Ƴan rap da masu waƙar soyayya haka suke so, kuma yana fitar musu da abu mai daɗi.

Wannan tsari bai karɓi yaran nan ba ko kaɗan. Ya sa wa ɗan ƙanwata abin ji a kunne mai bugun ƙwas-ƙwas don ya bi, a ɗauki ganga ita kaɗai, sannan a ɗora sauran ɗaya bayan ɗaya. Yaron kuwa bugunsa numfashi yake yi. In gitar gaba ta ɗau zafi sai ya ɗan ƙara sauri, in murya ta shigo ya lafa, kuma da ido suke yi wa juna magana shi da mai bas. Kwana uku ana fama. Abin da ya fito daidai yake a ma'auni, amma ba rai a cikinsa. Mai gita ta biyu ya saurara ya ce, "Wannan ba mu ba ne."

Shawarar da na bayar ita ce a fitar da aikin daga ɗakin, a ɗauke su gaba ɗaya kamar yadda suke wasa. Muka samu zauren wani tsohon gidan ƙasa a Bukoki. Bangon laka ba ya mayar da amo kamar siminti da kwano, muka kuma rataya tabarmi da barguna a kusurwoyi. Mai sutudiyon, Allah ya saka masa, ya aro akwatin sauti mai ƙofa takwas wurin abokinsa. Makirufo ɗaya a bakin babbar ganga, ɗaya a kan ƙaramar, ɗaya a sama yana kallon duka. Kowace gita aka kafa mata nata dab da amfuli, aka juya amfulan suna fuskantar bango don kada su shiga na ganga. Bas ta shiga ta waya kai tsaye. Murya kaɗai aka bari sai daga baya. Da aka kunna musu ɗaukar farko ba wanda ya ce uffan, sai mai bas da ya tashi ya fita waje yana murmushi.

An kammala waƙa huɗu, sai ga 26 ga Yuli. Sojoji suka karɓi mulki, aka sa dokar hana fitar dare, ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Kowa a Yamai ya san yadda aka sha. Kuran ya zo awa biyu ya tafi, ba wanda ya san lokacin dawowarsa. Bukukuwa suka ragu, waɗanda aka yi ma aka taƙaita. Iyakoki da Benin da Najeriya suka rufe, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka yi wuya, har tsirkiyar gita ta zama abin nema. Mai bas ya riƙa tafasa nasa tsofaffin a tukunya don datti ya fita su ɗan dawo da murya. Mai gitar gaba ya tsinka siririyar tsirkiyarsa, na warware masa wayar birkin keke na zaro sili ɗaya, da ita ya ƙarasa waƙa biyu. A daidai lokacin nan mutanen Mdou Moctar suna rangadi a Amurka, hanyar dawowa ta toshe musu, sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet. Manyan ma abin bai bar su ba.

Gurup ba ya yi wa ɗaukar sauti, don ƙararsa na shiga makirufo, wutarsa kuma na sa amfuli ya riƙa kuka. Na haɗa musu baturan mota biyu da na'urar juya wuta, in kuran ya zo mu cika su, mu jira dare ya raba. Ba na manta wani dare na watan Satumba. Ƙarfe biyu ya wuce, an kashe fanka don kada a ji ta, an rufe ƙofar zaure, mutum shida a ciki da fitilar waya ɗaya. Gumi na ɗiga daga haɓar ɗan ƙanwata a kan fatar ganga. Sau biyar suna ɗaukar waƙa ɗaya, ta biyar ta tafi sumul har saura ƙiris, sai jakin maƙwabta ya ɓarke da kuka. Ta shida ce ta zauna, suna sauke hannu ladan na kiran assalatu. Waƙa huɗun ƙarshe wata uku suka ci.

Waƙar da ta riga su fita

A watan Nuwamba mai sutudiyo ya tura wa mawaƙin wata waƙa ta WhatsApp don ya ji yadda haɗin ke tafiya. Ba a gama tace ta ba. Shi kuma ya tura wa abokinsa ɗaya a Tawa, ya ce kada ya ba kowa. Kafin mako biyu masu tura waƙoƙi a memori sun sa ta cikin abin da suke zuba wa mutane, ni da kunnena na ji ta a teburin mai shayi kusa da rumfata. Na karɓi wayar na duba. Babu sunan ƙungiya, babu sunan waƙa, wani ya rubuta mata "sabuwar gita" kawai.

Daren nan a fada shayi bai shawu ba. Mai bas ya fi kowa zafi, don akwai wurin da hannunsa ya zame a waƙar, an yi alkawarin gyarawa, ga shi duk gari na ji. Ya ce, "Wata shida muna wahala, ka ɗauka ka watsar a banza." Mawaƙin ya ce ai ta haka Mdou ya fita. Da gaskiyarsa ta wani gefe. A Sakkwato Mdou Moctar ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth har suka tsallaka ƙasashe, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su, ya sa ɗaya a tarin waƙoƙin wayar salula da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Abin da mawaƙin namu ya manta shi ne sai da mutumin ya bi sawu kafin ya gano mai waƙar. Ba kowace waƙa mara suna ke samun mai neman ubanta ba.

Tunda magana zarar bunu ce, ba a mayar da ita, sai muka nemi yadda za a ci moriyarta. Suka koma suka tace waƙar sama-sama, mawaƙin ya ambaci sunan ƙungiya a farkonta da ƙarshenta kamar yadda mawaƙan Hausa suka saba tun zamanin kaset, aka rubuta suna da lambar waya a jikin fayil, aka haɗa da ɗan bidiyon da aka ɗauka a zauren. Su da kansu suka bi rumfunan masu turi a Katako da Wadata da babbar kasuwa suna ba da ita kyauta, suna roƙon a goge tsohuwar. Littafina ya nuna cewa daga Disamba kiran biki ya ƙaru, kuma a karon farko masu kiran suna cewa a tabbata an yi musu waccan waƙar. Kuɗin da suke yankewa ma ya ɗan ɗaga.

Na wa ne?

A nan ne aikin ya kusa rushewa, kuma nan ne nake ganin ya fi cancantar a tsaya a duba.

Da baki aka yi ciniki da mai sutudiyo tun farko: kuɗi kaza a kan waƙa takwas, rabi yanzu, rabi in an gama. An yi cinikin ne a kan aikin mako biyu a ɗakinsa. Aikin ya koma na wata biyar, da kwanan zaure, da kayan aro da shi ya ɗauki nauyinsu. Da ya ga waƙa ta karɓu sai ya ce tsohon ciniki bai tsaya ba, ko dai a ƙara masa, ko a ba shi kaso a duk abin da faifan zai kawo, kuma kafin nan uwar sautin, wato layukan ganga da gita da murya daban-daban, tana cikin kwamfutarsa ba mai taɓa ta. Yaran suka ce ya ci amana. Ni da na zauna na auna, ban ga maci amana ba. Na ga mutum biyar da ba su rubuta komai ba, kowa kuma yana tuna maganar yadda ta fi masa daɗi. Har ni da ke riƙe da littafi ban ce a rubuta ba, kuma wannan ya dame ni.

Wata uku faifai na kwance. Sai da muka kai maganar gaban wani dattijon makaɗi da dukansu ke jin nauyinsa. Ya saurari kowa, sannan ya ce wa yaran, "Ƴaƴana, wanda ya kwana da ku a zaure ba baƙo ba ne, ku ƙara masa." Ya juya ga mai sutudiyo ya ce, "Kai kuma ladan aikinka za ka ci, waƙa ta masu ita ce." Aka ƙara masa rabin abin da aka yi ciniki a kai da farko, aka amince a sa sunansa a jikin faifan, shi kuma ya kwafe musu komai a ma'aji biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurin mai gita ta biyu. Wajen kwafewar ne aka gano layukan waƙa guda sun lalace tun wani dare da wuta ta ɗauke kwamfuta na aiki. Ba kwafi a ko'ina. Faifan ya fita da waƙa bakwai.

Ana fita daga wannan sai wata ta taso a cikin gida. Da suka je yin rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, dole a faɗi wanda ya ƙirƙiri kowace waƙa. Doka ta bambanta haƙƙin wanda ya tsara waƙa da kiɗanta da haƙƙin sautin da aka ɗauka, kuma Nijar na cikin ƙasashen OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, da suka rattaba hannu a yarjejeniyar Bangi ta 1977. Mawaƙin ya ɗauka tunda shi ya rubuta baitoci waƙoƙin nasa ne. Mai gita ta biyu ya ce to karin da kowa ke bi da fito in ya ji waƙar, wa ya kawo shi? Shi ne, yana ɗinki ya zo masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don a makon nan har wata ƙungiya ta fara zawarcin mai bas. Na zaunar da su a rumfata bayan isha'i, muka rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa da Faransanci: baitoci na wanda ya rubuta, kiɗa na su huɗu daidai wa daida, sautin da aka ɗauka na ƙungiya, wanda ya fita yana nan da haƙƙinsa a tsofaffin waƙoƙi amma ba ya tafiya da sunan. Kowa ya sa hannu, dattijon nan ya shaida.

Intanet

A nan zan taƙaita, don abin da ya fito bai da yawa. Kafin waƙa ta hau Spotify da ire-irensa sai ta bi ta hannun dillali irin DistroKid ko CD Baby, su kuma da katin banki ake biyan su. Wani ɗan'uwan mai bas da ke zaune a Beljiyam ya biya musu, shi ne kuma ya buɗe musu shafi a Bandcamp, kasuwar sayar da waƙa ta intanet, don kuɗin su sauka wurinsa ya turo. Spotify ya shigo Nijar tun 2021, amma masu sauraron yaran nan ba can suke ba, suna WhatsApp da TikTok da Facebook da memorin waya. Daga 2024 kuma kamfanin ya sa ƙa'ida cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba ba ta da ko sisi. Bandcamp ya fi tausayi: yana cire kashi 15 cikin ɗari, sauran na mai waƙa. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, saboda haka Bature ɗaya da ya sayi faifan a yuro goma ya bar musu sama da jika biyar kafin a cire ladan turawa. Ƴan tsirarun da suka saya sun fi duk sauraron sauran wuraren kawo kuɗi. Duka-duka dai abin da ya shigo a watannin farko bai kai na biki ɗaya mai kyau ba. Amfanin da na gani shi ne yanzu in wani ya tambayi su wane ne, akwai inda za a nuna masa, da suna da hoto.

Tawa

An ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024, azumi ya kama a Maris, suka sa ranar ƙaddamarwa bayan salla, cikin Afrilu. Mawaƙin ya dage sai a garinsu. Tawa garin shahararren mawaƙi Ɗan Gurmu ne, wanda gasar kiɗan zamani ta ƙasa ke ɗauke da sunansa, kuma yaron yana so a ji shi a inda aka san gidansu. Akwai wani dalili da bai faɗa ba amma duk mun sani. Mahaifinsa malami ne, kuma tun da ya ji ɗansa ya bar jami'a yana kiɗa a gidan biki bai sake yi masa doguwar magana ba. A wurin dattijon, mai kiɗa maroƙi ne, gidansu kuma ba su gaji roƙo ba.

Tafiyar wajen kilomita 550 ce, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Na rufe rumfa na bi su, gitoci a kan cinya, amfuli a ƙarƙashin mota an naɗe shi da bargo. Sun kama hayar wani fili mai katanga, sun biya sanarwa a wani gidan rediyo, sun ɗora sifika a babur an zaga unguwanni. Kuɗin shiga dala ɗari.

Zafin Afrilu a Adar ba ya bari ko da dare. Waƙa ta uku amfulin gitar gaba ya ɗau zafi ya yi shiru. Na cire murfin bayansa, na karɓi fankar wani mai sayar da ruwan sanyi na kafa masa, mai gita ta biyu da mai ganga suka riƙe fili da takamba minti goma har ya huce. Mutanen da ke kan katanga da bishiyoyi sun fi waɗanda suka biya yawa, mai tsaron ƙofa kuma duk wanda ya ce shi ɗan'uwan mawaƙi ne sai ya buɗe masa, a Tawa kuwa kowa ɗan'uwansa ne. Amma da suka ɗauko waƙar nan da ta tsere, mawaƙin bai kai ƙarshen baitin farko ba fili ya karɓe. Na ciki da na kan katanga, baiti bayan baiti, har ya janye daga makirufo ya bar musu. Mahaifin bai zo ba. Ƙannensa mata biyu sun zo, kuma da safe kafin mu kama hanya mahaifiyarsa ta aiko da fura da soyayyen nama na mutum biyar.

A lissafi an faɗi. Kuɗin ƙofa da liƙi ba su rufe hayar fili da sono da mota ba, giɓin ya kai abin da mutum ɗaya ke samu a biki uku. Sai dai kafin mu bar garin an ba da kafin alƙalamin bukukuwa biyu, na uku kuma ya biyo ta waya daga Ƙonni. Da ni za a bi, da an fara yin wasan a Yamai inda ba kuɗin mota, a ɗauki bidiyonsa, sannan a je Tawa da abin nunawa da kuma mai tsaron ƙofa baƙo. Na faɗa musu haka tun kafin a tafi, na kuma fahimci abin da ya sa ba su ji ba.

A cikin mota muna dawowa muka yi maganar da ta fi duk sauran amfani a ganina. Tun daga ranar ake raba kuɗin kowane wasa kashi biyar maimakon huɗu, na biyar na kaya ne, yana wurina, ba mai ranta ko da rashin lafiya sai duka huɗun sun yarda. Mai bas ya shiga adashen ƴan walda da sunan ƙungiya, da kwasarsa ta zo aka haɗa. Da wannan aka sayi mikisa ta hannu da sifiku biyu da na sake wa naɗi da kaina. Yanzu ƙaramin biki ba sa hayar komai sai gurup da ganguna, kason mai haya ya sauko daga kusan rabi zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ganguna ne na gaba a layi. Ɗan ƙanwata ya ga wasu na hannu a wurin wani da ya daina kiɗa, kullum ya biyo ta rumfa sai ya tambaye ni nawa ya taru. Mai gita ta biyu kuma ɗinki ya ja baya, yayansa da ke Tamanrasat yana ta kiransa ya zo, ya ce musu zai ba da amsa bayan babbar salla.